Asabar: gidaje uku a Ditroit

Tun da na idar da sallar asuba ban koma barci ba. Takardar mai gida na nan kan tebur tun Laraba: daga Janairu haya za ta tashi daga dala 1,150 zuwa 1,300. Na zauna na tara abin da na zuba masa a shekara shida, ya haura dala 70,000, kuma ko ƙusa ɗaya a gidan nan ba tawa ba ce. Bashin banki kuwa uwargida ta riga ta rufe wannan ƙofar, ta ce ba za ta kwana a gidan da aka saya da kuɗin ruwa ba. Shi ya sa gwanjon gidajen haraji ya shiga raina, don can kuɗi hannu ake biya.

Ƙarfe tara Baba ya zo ya ɗauke ni. Dattijo ne mutumin Damagaram, ya fi shekara ashirin a garin nan, kuma gidan da yake ciki a gwanjon ya same shi. A mota ya sake warware mini yadda abin yake. A jihar Mishigan ta Amurka, inda Ditroit yake, idan harajin gida ya taru a kan mutum har shekara uku, gunduma ce ke karɓe gidan ta hannun kotu. Mu namu ofishin ma'ajin gundumar Wayne ne ke sayarwa ta intanet. Zagayen farko a Satumba, farashin farawa shi ne bashin da ake bin gidan. Abin da ya yi kwantai sai a sake fitar da shi a Oktoba, a fara daga dala 500. Na ce, Baba, dala 500 ai ko rabin hayata ba ta kai ba. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, araha ba ta ado. Bari idonka ya gani."

Ba a barin mai saye ya shiga ciki kafin ya biya, sai dai ka tsaya a bakin titi ka leƙa. Gida na farko bai ci mana minti biyar ba, bishiya ce ta tsiro ta tsakiyar rufin. Na biyu na jan bulo ne, ga baranda, daga nesa har na fara raba wa yara ɗakuna a zuciyata. Baba ya ja ni gefe ya nuna mini tagar ɗakin ƙasa a ɓalle. Ya ce ɓarayin ƙarfe sun riga mu, ba za ka tarar da bututun tagulla ko tukunyar ɗumama gida ba, kuma sanyin Janairu a nan ba ya jiran kowa. Ya ƙara da cewa takardar da gunduma ke bayarwa ba ta ɗauke da lamunin cewa babu mai sauran haƙƙi a gidan, shi sai da ya ɗauki lauya ya je kotu kafin takardunsa su zauna daram. Kuɗin lauya da gyara sun ninka kuɗin sayen sau da yawa, amma dai yau ba mai aiko masa da takardar ƙarin haya. Wannan kam ya fi ni.

Na uku shi ne wanda na sa wa ido tun daga jerin sunayen. Muna shan kwana na san ya fi hotonsa kyau. An aske ciyawa, ga labule a taga, ga tukwanen furanni a kan matakala, ga keken yaro jingine da bango. Ban gama murna ba sai ƙofa ta buɗe, wata tsohuwa baƙar fata ta fito da tsintsiya, sa'ar mahaifiyata ce ko ta ɗan girme ta. Ta dubi takardar da ke hannuna, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce mu ne na huɗu da suka tsaya yau. Ta ce mijinta ya sayi gidan da albashinsa na kamfanin mota, a nan ta yi renon 'ya'yanta, yanzu jikoki biyu ne a hannunta. Ni dai bakina ya mutu. Baba ne ya gaishe ta cikin ladabi, ya tambaye ta ko ta je ƙungiyar United Community Housing Coalition, masu taimaka wa waɗanda gidajensu ke hannun gunduma. Ta ce ta je, an karɓi takardunta, tana jira.

A hanyar komawa Baba ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce yawancin mutanen nan ba taurin bashi ne da su ba. Dokar Mishigan ta hana a ƙiyasta gida sama da rabin darajarsa a kasuwa wajen yanka haraji, amma bayan faɗuwar farashin gidaje a 2008 aka ci gaba da caje su da tsohon lissafi. A 2020 jaridar Detroit News ta gano an karɓi aƙalla dala miliyan 600 fiye da ƙa'ida tsakanin 2010 da 2016. Daga 2011 zuwa 2015, kusan gida ɗaya cikin kowane huɗu a birnin nan sai da aka karɓe shi kan haraji. Ya tuna mini da wani Uri Rafaeli, wanda aka sayar da gidansa da ke gundumar Oakland maƙwabciyarmu dala 24,500 saboda ragowar dala 8.41, gunduma ta riƙe kuɗin duka, sai da Kotun Ƙolin jihar ta ce a 2020 rarar ta mai gida ce. Dala takwas! Kuɗin shayi da burodi.

Na tambaye shi, to kai naka gidan fa? Ya ce kango ne, shekara huɗu ba kowa ciki sai kyanwa, ya tambayi maƙwabta kafin ya taya. "Amma wallahi har yau wasiƙu na zuwa da sunan wani mutum, ban san inda yake ba."

Da na dawo uwargida na tuƙa tuwo, na ba ta labari tun daga bishiyar har keken yaron. Ta ce, "In ka saya, wa zai fitar da ita? Kai?" Haka dokar take, mai saye ne ke zuwa kotu ya nemi a tashi wanda ke ciki. Na ce ai in ban taya ba wani zai taya, wataƙila ma ɗan kasuwar da bai taɓa taka unguwar ba. Ta ce, "To wani ɗin ya yi." Ban ji daɗin amsar ba, don hujjata ba ƙarya ba ce, amma ban sake cewa komai ba.

Bayan isha'i na soke na farko da na uku daga takardata. Na biyu na bar shi da alamar tambaya. Gobe Baba zai haɗa ni da wani mai gyaran famfo ya faɗa mini abin da sabon bututu da tukunyar ɗumama gida za su ci. Takardar mai gida kuma sai ranar Juma'a ake so in sa hannu.