Harafi guda ya sa na sayo Pokémon na Jamusanci

"Yaya, wannan wane yare ne?" in ji ƙanena, ya miƙo min Game Boy Advance ɗin, wato 'yar na'urar wasan bidiyo ta hannu. Allon ya cika da kalmomi dogwaye kamar igiyar guga, ban gane ko ɗaya ba. Kaset ɗin Pokémon Ruby ne ja, na tsinto shi tare da wasu guda shida a jakar leda wajen wani mai kayan gwanjo. Takardar gabansa ta kankare, sunan ya goge, sai wani ɗan rubutu da ya tsira a ƙasa: AGB-AXVD-NOE. Da na san karatunsa tun a kasuwa, da ban biya kuɗin ba.

Haushi ne ya sa na zazzage kaset bakwai ɗin a kan tabarma, na kwafe lambar kowanne a takarda, na shiga bin diddigi.

Rubutun kashi uku ne. Na farko yana faɗin na'urar da aka yi wa kaset ɗin. AGB na Game Boy Advance ne, wanda ya fito a 2001. DMG na tsohon Game Boy ne na 1989, daga sunan da Nintendo ya ba shi, Dot Matrix Game. CGB na Game Boy mai launi ne. Sauran na'urorin Nintendo ma haka: NES, sai SNS na Super Nintendo a Amurka, SNSP a Turai, SHVC a Japan, NUS na Nintendo 64, NTR na DS. Wannan bai ba ni wahala ba, haddacewa ce kawai.

Na tsakiya shi ne mai nama. A tsofaffin kaset haruffa biyu ne, har kana iya cankar sunan wasan: DMG-TR Tetris, DMG-ML Super Mario Land, NES-ZL Zelda. Da wasanni suka yi yawa sai aka koma haruffa huɗu. A nawa, AXVD, biyun tsakiya su ne sunan wasan: XV na Ruby, XP na ɗan'uwansa Pokémon Sapphire. Na ƙarshen kuwa, wanda ya ci kuɗina, shi ke nuna yare ko yanki. E na Turancin Amurka, J na Japan, P na Turai, F Faransanci, S Sifaniyanci, I Italiyanci. D kuwa Jamusanci, domin su Deutsch suke kiran yarensu. Da AXVE ko AXVP na samu, da ƙanena ya karanta abinsa lafiya lau.

Harafin farko ma ba a banza yake ba, kuma shi ya fi burge ni. Galibi A ne ko B, amma in kaset na ɗauke da wata na'ura a cikinsa sai ya sauya. Wasan Boktai, wanda kaset ɗinsa ke auna hasken rana, da U yake farawa. K na masu jin karkata ne, V na Drill Dozer mai girgiza. Ban taɓa riƙe Boktai ba, amma ina raya wa raina cewa da ranar Kano za a buga shi, da an gama da dodanninsa kafin azahar.

Kashi na uku kasuwar da aka kai kayan ce: USA, EUR, UKV na Birtaniya, NOE na Nintendo reshen Turai da ke Jamus, FAH na Faransa da Holan, SCN na ƙasashen Sikandinebiya. Cikin bakwai ɗin nan, uku FAH ne, biyu NOE, wato dai kayan Turai ne suka biyo jirgin ruwa kamar sauran gwanjonmu. Game Boy ba ruwansa da yanki, duk wanda ka zura zai tashi. NES ne mai tsauri: kaset ɗin Birtaniya ba ya tashi a na'urar Jamus, domin yankinsu daban, ɗaya PAL A ɗaya PAL B. In kuma ka ga -1 a ƙarshen lambar, takardar ce aka sake bugawa da ɗan gyara.

Daga nan kaina ya kumbura. Bayan wata biyu na ga kaset ɗin Pokémon FireRed a wata rumfa, na duba: AGB-BPRE-USA. Komai ya zauna daidai. Har na tsaya ina yi wa mai rumfar bayani, yana gyaɗa kai yana cewa, "Malam, ai kai ka san kaya." Na biya ban taya ba.

Mako uku ana bugawa, wata safiya duk abin da aka adana ya ɓace. Na nemo sukundireba mai baki uku, irin wadda ƙusar bayan kaset ke buƙata, na buɗe. Ga batir zaune a kan allon, ga wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta. FireRed na gaske ba shi da batir ko kaɗan. Ruby, Sapphire da Emerald ne ke da shi, su ma don agogon cikin wasan, ba don adanawa ba. Masu jabu sun kwafe lambar harafi da harafi, bugu ai ba wuya.

Abin da suka kasa kwaikwaya yana kan takardar ma, ni ne ban duba ba. Kaset na asali yana da lambobi biyu da aka danna a jikin takardar ba tawada, sai ka karkata shi a haske za ka gan su. Na ɗauko Ruby ɗin Jamusancin na karkata shi a bakin taga, ga su nan ɓaro-ɓaro. Na karkata FireRed, sumul.

Yanzu ba na zuwa kasuwa sai da tocila da sukundireban nan a aljihu. Ƙanena kuwa ya koma kan Ruby ɗinsa, ya riga ya gane cewa Sichern shi ne wurin adanawa, har ya karɓi bajin nasara na biyar a wasan.