Takin da muke yi daga sharar unguwa

Idan aka tambaye ni sana'ata na ce taki nake yi, sai in ga mutum ya ɗan ja baya yana duban takalmina. Na saba. Mu bakwai ne a wurin, da baro huɗu da keken ɗaukar kaya guda. Muna bi gida-gida muna karɓar ɓawo da ragowar kayan lambu da ganyen da aka share, bayan wata uku zuwa huɗu mu mayar da su baƙin taki mai laushi, mai ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko.

A hannun wani tsohon mai lambu na koya, can bakin gari, ina saurayi. Ranar farko bai yi min bayanin komai ba. Ya kai ni gaban tarin sharar da yake mayarwa taki, ya ce, "Yaro, cusa hannunka." Na cusa, na zare da sauri, don zafin ya kusa ƙona ni. Ya yi dariya har da tari, ya ce tarin da bai yi zazzaɓi ba matacce ne. Sai daga baya, da na sayi ma'aunin zafi mai dogon tsinke, na gane abin da Baba yake aunawa da fatar hannu: tsakiyar tarin kan kai digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafin ne yake kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Ba rana ce ke kawo shi ba. Ƙananan halittun da ke cin sharar ne suke fitar da shi, shi ya sa ko da sanyin asuba za ka ga tururi na tashi idan muka juya.

Gwanintar tana wajen haɗi. Ɗanyen abu, irin su ɓawo da ɗanyar ciyawa, shi ke kawo naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata don girma. Busasshen ganye da garin katako da kwali su ke kawo wani sinadarin da ake kira kabon. Masana sun ce a nemi kabon kashi 25 zuwa 30 a kan kashi ɗaya na naitirojin, amma ba wanda ke tsayawa da alƙalami a gaban juji. Hanci ne ke gaya maka. Ka ji wari kamar na fitsari, ɗanyen ya yi yawa, ƙara busasshe. Ka ji ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya toshe iska, ɗauki shebur ka juya. Laima kuwa da damƙa ake gwada ta: ka matse a tafin hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. In ya zubo kamar an matse tsumma, an ɓata. Yarana sukan ce na cika fitina a kan juyi, to ni dai ban taɓa ganin tarin da ya nuna da kansa yana kwance ba tare da ya cinye wa mutum watanni ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu kwaikwayo. Mutum zai tara shara mako uku, ya gauraya da yashi don nauyi da garin gawayi don baƙi, ya ɗura a buhu ya ce taki ne. Ɗanyen taki yana ci gaba da ruɓewa a cikin ƙasa, yana ƙwace wa shuka naitirojin, ganye ya yi ɗorawa, saiwa ta ƙone. Sai a ce takin shara ba shi da kyau, mu da muka yi haƙurin wata huɗu mu kwashi zagin. Mu kowane tari sai ya huce ya kwanta makonni, mu tankaɗe shi da rariya, sannan mu shuka iri a ciki mu ga ya tsiro lafiya kafin buhu ɗaya ya fita.

Wata baiwar Allah ta zo rannan tana ta ciniki, wai can ta samu a rabin kuɗi. Na ce, "Hajiya, kawo nasu mu zuba a bokitin ruwa tare da nawa." Yashin ya kwanta a ƙasa, gawayin ya taso sama. Ta ɗauki buhu biyu, amma duk da haka sai da ta nemi ragi.

Aikin wayar da kai ba da niyya na shige shi ba, leda ce ta tura ni. Kullum sai mun ɓata rabin yini muna tsince leda da fasasshiyar kwalba da tsohon batir daga abin da aka ba mu. Na ga gara in je tushe. Muka fara zama da matan unguwa da matasa, muka raba wa kowane gida bokiti biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na sauran. Da farko nakan yi ta dogon jawabi. Nakan faɗa musu cewa rahoton Bankin Duniya na 2018 ya nuna biranen duniya na fitar da shara fiye da tan biliyan 2 a shekara, kuma kashi 44 cikin ɗari ragowar abinci ce da ganyaye. Nakan ce idan aka binne irin wannan a babban juji inda ba iska, iskar metan take fitarwa, wadda ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya nesa ba kusa ba. Har Koriya ta Kudu nakan kawo, da ta hana binne ragowar abinci tun 2005, da Faransa da ta wajabta ware shi daga farkon 2024. Ana gyaɗa kai, washegari leda na nan a bokiti.

Abin da ya yi aiki daban ne. Muka fara mayar wa duk gidan da ya ware shararsa da kyau ɗan ƙunshin taki, muka taya wasu shuka a tsofaffin bokitai da buhuna a bakin ƙofa. Da maƙwabta suka ga ganye ya yi shar, kuma ƙuda ya ragu a layin, kwata ta daina toshewa da damina, su da kansu suka zo neman bokiti. Yanzu akwai wata dattijuwa da ke leƙa bokitin kowa a layinsu kafin mu iso, ta fi ni tsanani.

Saura masu kawo mana garin katako. An yi alkawarin Litinin, sai Alhamis, wani lokaci kuma a haɗo da na katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara, wanda ba ya shiga tarina ko kyauta ne. Makon jiya na mayar da lodi guda, direban yana ta faɗa. Tarin da ke jiran garin na rufe shi da busasshen ganye da yayyagaggen kwali, jiya da safe na cusa ma'auni, ya nuna 61.