Ƙannena, kar ku shiga ɗakin nan da shirin faɗa kamar yadda na shiga

Lokacin da alƙali ya ce ni da maman 'yata sai mun je wajen mai ba da shawara kan zaman iyali kafin ya yanke maganar riƙo da ranakun ziyara, wallahi raina ya ɓaci sosai. Ni a tunanina me zan je in yi, aure ya riga ya mutu, ni dai a ba ni 'yata ko a faɗa min ranakun da zan riƙa ganinta shikenan. Da wannan zuciyar na je, kuma ita ta ja min kusan duk abin da ya same ni daga baya, shi yasa nake so ku ji tun kafin ya zo kanku.

Zaman farko na shiga da fayil guda, na buga duk mesej ɗin da muka taɓa yi da maman 'yata na zagi da gori, har da ja musu layi da jan biro. Malamar da ke ba da shawarar ta tambaye ni, wane abu ne yarinyar ta fi tsoro da daddare? Na buɗe fayil. Ta sake tambaya, sunan ƙawarta a makaranta fa? Shiru. Shekararta 7 a lokacin, ina ta cewa ina sonta fiye da kowa amma ban san waɗannan ba, uwarta kuwa nan take ta amsa. Na ɗauka ɗakin kotu ce ta biyu inda zan kayar da abokiyar shari'a, ashe su abin da suke dubawa shi ne wa ya san yaron, wa zai iya haɗiye fushi saboda shi.

Kuma ba son ran malamar ba ne. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, sashe na 3 ya ce duk hukuncin da ya shafi yaro a sa maslaharsa a gaba, sashe na 9 kuma ya ce yaron da ba ya zaune da ɗaya daga cikin iyayensa yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da su duka biyun, sai dai in hakan zai cutar da shi. Haƙƙin na yaron ne, ku lura. To ni duk lokacin da na buɗe baki ina ɓata uwar, abin da nake nunawa shi ne in aka ba ni yarinyar zan raba ta da mahaifiyarta, da hannuna nake rusa kaina ban sani ba.

Sai maganar fashin zama. Sau biyu ban je ba, ɗaya aiki ne ya riƙe ni da gaske, ɗayan kuma haushi ne kawai, kuma duka ban kira na sanar ba. Wannan ba shawarar aboki ba ce da za ka ɗauka in ka ga dama, umarnin kotu ne, ana rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma lauyan ɗaya ɓangaren ya karanto ranakun a gaban alƙali ɗaya bayan ɗaya. In uzuri ya kama ka ka sanar tun da wuri, a rubuce, ka nemi a sa wata rana.

Wani abu da ya kamata in tambaya tun ranar farko ban tambaya ba: me zai je kunnen alƙali daga cikin abin da zan faɗa? Domin aikin iri-iri ne. Akwai mai sulhu da ke taimaka muku ku tsara jadawali da kanku, akwai mai ba da shawara da ke gyara yadda kuke magana da juna da yadda yaro ke ji, akwai kuma wanda kotu ta sa ya yi bincike ya rubuta rahoto. Sirrin da ake riƙewa a wajen ɗaya ba lallai a riƙe shi a wajen ɗayan ba, kuma in maganar cutar da yaro ta fito ba sa binne ta. Ka karanta takardar umarnin da kyau, ka tambayi lauyanka, ka tambayi shi mai zaman ma kai tsaye, ba abin kunya ba ne.

Amma wanda har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi shi ne ranar da za a gana da yarinyar ita kaɗai. A mota na riƙa koya mata abin da za ta ce, ki ce kin fi son zama da Baba, ki ce Mama tana miki tsawa. Ta yi shiru tana murza igiyar jakarta, can ta ɗago ta ce, Baba in na faɗa Mama za ta yi kuka? Na ce ba za ta sani ba. Ƙarya na yi wa 'yar shekara 7 don in ci shari'a. Malamar ta gane, don yaro in ya fara magana da kalmomin manya su da suke wannan aikin kullum suna ji. Ba ta ci mutuncina ba, ta dai ce min, Baban yarinya, ciwon cikin nan da take yi duk ranar da za ta canza gida ka taɓa tunanin daga ina yake? Kun ɗora mata kayan da ba nata ba. Na fita na zauna a mota na kasa tayar da ita. Eh, ana sauraron ra'ayin yaro gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, sashe na 12 na yarjejeniyar nan ma haka ya ce, amma ra'ayinsa ake nema, ba naka da ka cusa masa a baki ba.

Ga wanda kuma aka taɓa duka ko yi wa barazana a auren, musamman ku ƙannena mata, duk wannan haƙurin da nake faɗa ba shi ne ki zauna ɗaki ɗaya da wanda kike tsoro ki yi shiru ba. Ki faɗa wa kotu da lauyanki tun farko, ana iya neman a raba zaman kowa ya shiga daban, a kuma tsara wurin karɓar yara inda akwai idon mutane.

Daga baya ne na ajiye fayil ɗin. Malamar ta sa muka yarda mesej tsakaninmu ya tsaya kan yarinya kawai, makaranta, asibiti, lokacin ɗauka da dawowa, kuma ba a aiken ta da saƙo ko na kalma ɗaya. Ban samu ranakun da na nema tun farko ba, halina na watannin farko ya shiga rahoto kuma sai da na ɗau lokaci kafin aka ƙara min. Ni da uwarta ba mu zama abokai ba har yau. Amma yanzu in na je ɗaukarta uwar na miƙo min jakar mu gaisa, yarinyar ta rungume ta a gabana ba tare da ta saci kallon fuskata ba, ciwon cikin ma ya daina.