Inda Ƙwallon Awo Ya Kamata Ya Zauna a Hoton Ƙashi

Ƙannena masu koyon ɗaukar hoton ƙashi, ku kula da ɗan ƙwallon ƙarfen nan mai faɗin milimita 25 da ake sawa a hoton kwatangwalo ko gwiwa kafin tiyata, don kwamfuta ta auna girman ƙashi da shi. Na daɗe ina manna shi duk inda filasta ta kama, galibi a saman cinya, don a ganina muddin ya fito a hoto an gama. Sai da likitan ƙashi ya mayar mini da wani hoto, aka sake kwantar da dattijo mai ciwon kwatangwalo aka sake haska shi saboda sakacina, sannan na zauna na yi lissafin.

Hasken na'urar ɗaukar hoton (X-ray) bazuwa yake yi. Duk abin da ya yi nisa da faranti, wato allon da ke ƙarƙashin mara lafiya mai kama hoton, girma yake ƙarawa a hoto, kamar inuwar hannu a bango idan ka matsar da shi kusa da tocila. A ce tsakanin na'ura da faranti santimita 100 ne, ƙashin yana santimita 15 sama da faranti: zai ƙaru da kusan kashi 18 cikin ɗari. Ƙwallon da ka ɗora a santimita 25 kuwa zai ƙaru da kashi 33. Kwamfuta da ƙwallon take awo, ba ruwanta da inda ka ajiye shi. Kan ƙashin cinya mai milimita 50 sai ta ce 44 ne, kuma da wannan adadin likita zai tanadi ƙarfen da zai dasa. Ka ajiye ƙwallon a kan tebur, kuskuren ya juya, ƙashin ya fi girmansa na gaskiya.

Don haka ƙwallo da ƙashi su yi tsayi ɗaya daga faranti. A kwatangwalo, laluba tudun ƙashin da ke gefen cinya, ka daidaita da shi. Idan mutum mai jiki ne, gefe zai iya fitar da ƙwallon daga hoto; sa shi tsakanin cinyoyi, can sama. Nan kunya ke kayar da mu, musamman da iyayenmu mata. Yi bayani tukuna, ka kira abokiyar aiki ta sa.

A gwiwa, gefen gaɓar ne, daidai tsakiyar kaurinta. Da ka juya mara lafiya don hoton gefe, cire ƙwallon ka mayar da shi gaban ƙafar, don wurin da ya dace ɗazu yanzu sama yake ko ƙasa. Kada kuma ka musanya shi da kwabo: kwabo na karkacewa, ƙwallo ta ko'ina faɗinsa ɗaya ne. Kafin mara lafiya ya sauka daga tebur, duba ko da'irarsa ta fito cikakkiya.