Kafin ka saka fin, karanta sunan da ya fito

Ƙannena, musamman ku da kuka fara 'yar sana'a a waya, masu sayar da takalma da atamfa a sitatus, masu harkar kirifto, har da ku da kawai kuɗin cefane kuke tura wa gida, ina so mu yi magana a kan wani ɗan lokaci da yawancinku ba ku ɗauke shi a bakin komai ba. Lokacin nan da ka gama rubuta lambar akawun, suna ya fito a fuskar wayar, saura ka saka fin, wato lambarka ta sirri. A nan ne kaɗai kuɗin yake hannunka. Da ka danna, magana ta koma roƙo da zaryar banki da "ka dawo ranar Litinin".

Ni kayan waya nake sayarwa a Kano, caja da iyafis da gilas ɗin fuska da makamantansu, kayan kuma daga Legas suke zuwa wasu daga Chana, don haka tura kuɗi ga mutanen da ba na ganinsu ido da ido shi ne rabin aikina. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1000, kowa ya afka tiransfa, mai shayi da mai kayan miya duk sun manna lambar akawun a jikin tebur, amma babu wanda ya zaunar da mu ya ce ga yadda ake dubawa kafin a tura. Da asara muka koya, kuma ba na so ku ma ku biya wannan kuɗin makarantar.

Asarar da ta fi yi min ciwo ba wai ban ga alama ba ne, wallahi na gani. Wani dattijo da na daɗe ina sarin kaya a wajensa ne saƙo ya shigo daga lambarsa ta WhatsApp, hotonsa ne, ga duk hirarmu ta baya a sama, aka ce akawun ɗinsa ya samu matsala in tura a na yaronsa, kuma in hanzarta don motar da za ta ɗauko kayan da yamma za ta tashi. Na saka lambar, wani suna ya fito wanda ban taɓa ji ba. Zuciyata ta ce kira shi. Sai kuma na ce ai babba ne, in na kira kamar ina zarginsa ne, mutumin da ya sha ba ni kaya bashi. Kunya ta hana ni, sauri ya tura ni, na saka fin. Ashe tun da safe an ƙwace WhatsApp ɗinsa, wani ya kira shi ya ce za a yi taron ƙungiyar 'yan kasuwa ta intanet, dattijon ya karanto masa lambobi shida na shiga WhatsApp da suka shigo wayarsa, shi ke nan suka shige suka bi duk abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da nake so ku riƙe daga nan shi ne, ɗan damfara ba ya buƙatar ya fi ka ilimin kwamfuta. Tarbiyyarka yake amfani da ita. Ya san an raine mu a kan ba a tuhumar babba, ba a ja wa mai neman taimako rai, ba a cika tambaya a kan kuɗi tsakanin 'yan'uwa, sai ya ɗora sauri a kai don kar ka samu sararin tunani. To duk ranar da wani da ka saba tura wa kuɗi ya ce ya canza akawun, ko wane ne shi, ko mahaifinka ne, ka kira shi ta layin waya na yau da kullum, ba kiran WhatsApp ba, ka ji muryarsa, ya karanto maka lambar da bakinsa. Kar ka yarda da saƙon murya kaɗai, ana iya tono tsohon saƙo a sake turowa. Kuma ba rashin ladabi ba ne, ka ce "Baba, na ga sabuwar lamba ce, na ce bari in tabbatar kafin in tura", duk mutumin kirki daɗi zai ji. Dattijon nan da kansa ya ce min da na kira da ya san halin da ake ciki tun da wuri, da wasu ma sun tsira.

Lambar akawun a Najeriya guda goma ce, tsarin da ake kira NUBAN, kuma ta ƙarshen lissafa ta ake yi daga sauran tare da lambar bankin, shi ya sa sau da yawa in ka kuskure lamba ɗaya za a ce maka babu akawun ɗin. Amma kar wannan ya sa ka saki jiki, domin lambobi goma iri ɗaya suna iya zama na mutum biyu a banki biyu daban, balle yanzu da su OPay da PalmPay suke amfani da lambar waya ba tare da sifirin farko ba. In ka zaɓi bankin da ba shi ba, suna zai iya fitowa, sunan wani bawan Allah daban. Don haka abu uku kake dubawa, lamba da banki da suna, kuma sunan ka karanta shi gaba ɗaya har na uba, ba ka ga "Muhammad" ka wuce ba, Muhammad nawa ne a ƙasar nan? Ko da *737# ko *901# ko *894# kake turawa a ƙaramar waya, sunan yana fitowa kafin fin, ka tsaya ka karanta. In a wajen mai POS ne ka ce ya juyo maka na'urar ka gani da idonka, ko da layi ya yi tsawo a bayanka.

Sannan ka tambayi kanka ko sunan ya dace da abin da kake biya. Kamfani ne aka ce, shago ne mai suna a Instagram, makaranta ce, amma sunan wani mutum ɗaya ya fito? Yana iya zama gaskiya don ƙananan 'yan kasuwa da yawa da akawun ɗinsu na kansu suke aiki, amma sai an yi maka bayani mai gamsarwa. In kuwa aka ce hukumar gwamnatin tarayya ce, fom ɗin ɗaukar aiki ko wani tallafi, aka ba ka akawun ɗin mutum, ka rufe wayarka kawai. Kuɗin hukumomin tarayya asusun bai-ɗaya na TSA suke shiga tun 2015, da lambar biya irin RRR ta Remita, ba akawun ɗin wani "oga" ba.

Yanzu ku 'yan kirifto, ku ne kuka fi ba ni tsoro, don ku babu ma sunan da zai fito. Adireshin walet, wato jakar da ake ajiye kirifto, tarin haruffa ne da lambobi, kuma kowane layin da kirifto yake bi da irin nasa: na USDT, kirifton da darajarsa take bin dala, a kan layin Tron da T yake farawa, haruffa 34, na Ethereum da na BNB kuma da 0x suke farawa, haruffa 42, kuma kusan duk manhajojin, farkon adireshin da ƙarshensa kawai suke nuna maka su saka ɗigo-ɗigo a tsakiya. Ni ma haka na saba, in duba huɗun farko da huɗun ƙarshe in tura. Akwai wanda nake biya kuɗin kaya da USDT, maimakon in nemi adireshinsa daga wajensa sai na riƙa shiga jerin cinikin da na yi a baya ina kwafowa daga can don ya fi sauƙi. Ban san cewa akwai masu zaman kallon wannan jerin ba, domin duk abin da ya faru a kan Tron a buɗe yake kowa yana gani. Suna da manhajar da take ƙera adireshi mai farko da ƙarshe iri ɗaya da na wanda ka saba tura wa, sai su turo maka ɗan wani abu da bai kai ko kwabo ba, ko ma sifiri, don kawai nasu ya shiga jerinka ya zauna a sama. Na kwafo nasu na tura. Tsakiyar ce ta bambanta, ni kuma ban taɓa kallon tsakiya ba.

Kar wani ya ce ai sabon shiga ne ake yi wa haka. A watan Mayun 2024 wani ya tura WBTC 1,155, wato kirifton da darajarsa take bin ta Bitcoin, kimanin dala miliyan 68 a lokacin, zuwa irin wannan adireshin na bogi. Shi ya yi sa'a an dawo masa da su daga baya bayan duniya ta ɗauki maganar, kai da ni da muke tura dala ɗari biyu ko uku babu wanda zai bi mana sawu, kuma babu ofishin da za ka je ka ce a juyo da ciniki, abin da ya shiga ya shiga.

Abin da nake yi yanzu: ba na kwafar adireshi daga jerin baya ko da wasa. Mai karɓa ya turo min, in kira shi mu karanta tare, farko da tsakiya da ƙarshe, sannan in adana shi da suna a cikin littafin adireshi na manhajar, daga can nake ɗauka kullum. In muna tare sai in ɗauki hoton lambar QR ɗinsa. Bayan na manna kuma sai na sake dubawa, saboda akwai mugayen manhajoji da suke laɓewa a waya ko kwamfuta, ka kwafi adireshi ɗaya su manna maka wani, yawanci daga manhajojin da ake saukewa a gefe ba ta Play Store ba ake kwaso su. Ina saka adireshin a Tronscan ko Etherscan, shafukan da ake duba cinikin kowane adireshi, in ga tarihinsa, mutumin da ya ce shekara da shekaru yana kasuwanci amma walet ɗinsa shekaranjiya aka buɗe, akwai tambaya. Sai dai ku sani, rashin ganin tambarin gargaɗi a kan adireshi ba shaida ba ce cewa mai shi mutumin kirki ne, sabon adireshi a daƙiƙa ake yin sa. Ka tabbatar kuma layin da za ka tura a kai shi ne wanda mai karɓa ya ce. In kuɗin da yawa ka fara tura kaɗan, ya ce maka ya gani, amma a nan ma a kula, bayan wannan gwajin ne suka fi saurin jefo nasu, don sun san babban yana tafe.

Akwai wani ɓangaren da yake ƙona min rai fiye da asarar kasuwa, wato neman taimako. Za ka ga hoton mara lafiya a Facebook, yaro a gadon asibiti, ko ginin masallaci, ko marayu a watan azumi, labarin gaskiya ne, mutanen suna nan, amma wani marar tsoron Allah ya kwafi rubutun ya cire lambar akawun ya saka tasa ya watsa a guruf-guruf. Kai ka ba da sadakarka da zuciya ɗaya, mara lafiyan bai ga ko sisi ba. Ba cewa nake ku daina bayarwa ba, Allah ya kiyaye. Ku nemo inda rubutun ya samo asali, ku duba ko sunan akawun ɗin ya yi daidai da na majinyacin ko wanda aka ce shi ne mai jinya, ku kira lambar wayar ku tambayi wane asibiti ne wane ɗaki. Kuma kar ka tura wa wasu abin da kai ba ka tantance ba, domin mutane saboda yardar da suka yi da kai za su bayar.

In kuma ƙaddara ta riga fata ka tura ta banki, kar ka yi abin da na yi, na zauna ina ta kiran lambar ina jiran ko za a ɗauka, ina jin nauyin in faɗa wa kowa, har aka kwana. Waɗannan mutanen cikin mintuna suke rarraba kuɗin zuwa wasu akawun su cire a POS. Nan take ka kira bankinka da lambar da ke bayan katinka ko cikin manhajarsu, ko ka tafi reshe da ƙafarka, ka ba su rasit da lambar cinikin, ka ce damfara ce su nemi bankin da kuɗin ya shiga ya riƙe akawun ɗin. Ka karɓi lambar ƙorafi. Ka kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC, don sau da yawa sai da takardar kotu ake iya dawo da kuɗi ko da an riƙe su. In banki ya yi sati biyu bai ce maka komai ba kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Banki. Kar ka je ƙarƙashin shafin banki a Facebook ko X ka rubuta kukanka da lambar wayarka, masu shigar ma'aikatan banki suna nan suna jira, su kira ka su ce ka karanto lambar katinka da OTP, lambar sirrin da banki yake turo maka a waya, za su dawo maka da kuɗi, su kwashe ragowar. Haka masu cewa su ƙwararru ne wajen dawo da kirifton da aka sace in ka biya kafin alƙalami, duk tafiyar ɗaya ce.

Sunan nan da ya fito min a ranar da aka ƙwace WhatsApp ɗin dattijon nan, daga baya aka gano na wani yaro ne ɗalibi da ya ba da hayar akawun ɗinsa a kan 'yan kuɗin da ba su kai na kati ba, bai ma san me ake yi da shi ba, amma BVN ɗinsa ne a jiki, shi aka fara nema. Dan Allah duk wanda ya ce ka ara masa akawun a turo masa kuɗi, ko ka buɗe sabo da NIN ɗinka ka ba shi ya riƙe, ko abokinka ne na ƙuruciya, ka ce masa a'a, ya je ya buɗe nasa.