Littattafan da Nake Karanta wa Yaran Gidanmu

Duk daren Juma'a, bayan sallar isha'i, nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu da ke Daura, in ɗauko Magana Jari Ce na Abubakar Imam in karanta wa yara labari ɗaya, domin a ganina babu littafin da ya kai shi jawo yaro ga karatun Hausa. Dabarar akun nan da ke shagaltar da Musa ɗan sarki da labarai ita ce ke hana su gyangyaɗi. Ƙaramar ɗiyata takan bi layi da yatsa, ta tsayar da ni a kan kowace baƙuwar kalma. Wanda ya kai shekara 12 kuwa, Ruwan Bagaja nake miƙa masa ya karanta da kansa.