Kappabashi, titin masu girki a birnin Tokyo

A tsakanin unguwannin Asakusa da Ueno a birnin Tokyo akwai wani titi mai suna Kappabashi, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 800, kuma shaguna wajen 170 ne suka jeru a gefensa, kusan dukkansu kayan girki suke sayarwa. Kasuwar ta faro ne wajen shekarar 1912, kuma har yau masu gidajen abinci ne manyan abokan cinikinta, shi ya sa yawancin shagunan suke tashi wajen ƙarfe biyar na yamma, da dama kuma ba sa buɗewa ranar Lahadi.

Baƙi sun fi cincirindo a shagunan abincin roba, irin wanda gidajen abinci suke jerawa a gilashi domin mai wucewa ya ga abin da ake dafawa. Aikin ya ƙayatar, amma ni dai wuƙa ce ta kawo ni.

Mai shagon da na shiga bai fara da maganar kuɗi ba. Sai da ya tambaye ni abin da nake yawan dafawa da hannun da nake riƙe wuƙa da shi, domin wuƙaƙen gargajiya irin su deba ta gyaran kifi da yanagiba mai tsawo, gefe ɗaya kawai ake wasa su, saboda haka ta bahago daban take. Ya miƙo mini santoku, wadda ake yanka nama da kifi da ganye da ita, ya sa na gwada ta a jikin takarda, ta ratsa ba tare da na danna ba. Sannan ya ja kunnena cewa ƙarfenta yana da tauri amma bakinta siriri ne, idan aka sari ƙashi da ita zai ɓalle. Ga mu masu sayen naman akuya da ƙashinsa, wannan gargaɗi ne mai muhimmanci, tsohuwar wuƙar gida tana nan da aikinta. Na haɗa da dutsen wasawa mai lamba 1000 (lambar da ke nuna laushin dutsen), wanda ake jiƙawa a ruwa kafin a yi amfani da shi.

Tukwanen dafa shinkafa na lantarki kuwa kallonsu kawai na yi, domin wutar Japan volt 100 ce, tamu ta Najeriya ta ninka ta har da ɗoriya, idan ba wadda aka ƙera don ƙasashen waje ba ce, ana jona ta za ta ƙone. Wuƙar kuma a babban akwati ake saka ta, domin ba a shiga jirgi da ita a jakar hannu.